Dokar da Ta Faɗi Ƙarfe Nawa

A watan Satumba na 1790 majalisar juyin juya halin Faransa ta zartar da wata gajeriyar doka kan yadda za a riƙa adana takardunta. Dokar ce ta raɗa wa wurin suna Taskar Takardun Ƙasa, kuma Sarki Louis na 16, wanda har lokacin yake kan gado duk da cewa ikonsa ya zaizaye, ya amince da ita ran 12 ga watan. Mafi yawan abin da ke cikinta tsarin ofis ne: wa zai naɗa ma'ajin takardun, wa zai sa masa ido, ina zai kwana. Amma akwai sashe guda da ya ce za a buɗe taskar domin amsa buƙatun jama'a kwana uku a mako, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 2 na rana, a sake buɗewa daga 5 na yamma zuwa 9 na dare. Sashen ya ƙara da cewa ɗakunan ajiya ba a shigarsu sai da hasken rana, kuma ba a kai wuta ko fitila cikinsu ko ta halin ƙaƙa. Masu rubuta tarihin taskokin takardu ba su cika tsayawa a nan ba. Sauri suke yi su isa ga dokar 25 ga Yuni 1794, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar ganin takardun da gwamnati ke riƙe da su, wadda kuma ake yawan kira mafarin wannan haƙƙi. A ganina an fifita wadda ba ta kai ba. Ta 1794 ta yi babban alkawari, ba ta faɗi lokacin cika shi ba. Ta 1790 ƙaramin alkawari ta yi, amma ta faɗi ƙarfe nawa. Shekaru 50 da suka biyo baya sun nuna yadda alkawarin da ba a sa masa lokaci ba ke iya zama a littafin doka tsawon rayuwar mutum, ba a cika shi ba, ba a kuma karya shi ba.

Sai an san matsayin takarda a Faransa kafin 1789 za a gane nauyin maganar. Takardun mulki dukiyar sarki ne, tare da zinariyarsa ake lissafa su. Sarakunan farko ma da su suke tafiya duk inda suka sa gaba, har zuwa 1194 da Sarki Philippe Auguste ya sha kashi a hannun Richard na Ingila a Fréteval, aka kwashe kayansa har da takardun. Daga nan aka samar musu mazauni na dindindin a Faris, daga baya aka ajiye su a gefen Sainte-Chapelle, cocin fada, kuma ba mai ganinsu sai da yardar sarki ko ta manyan bayinsa. A karkara kuwa kowane uban ƙasa na da nasa kundayen, inda aka rubuta gonar wane tana biyan hatsi kaza, ana bin gidan wane aikin kwana kaza. A shekarun ƙarshe kafin juyin, iyayen ƙasa da yawa sun ɗauki ƙwararru masu tonon tsofaffin takardu domin su zaƙulo gallar da aka manta da ita a sake ɗora wa manoma. Manomi bai iya karatu ba, ko ya iya ba a nuna masa. Abin da ya sani kawai shi ne akwai wata takarda a wani ɗaki da ke cin amfanin gonarsa. Shi ya sa a watannin Yuli da Agusta na 1789, da talakawa suka afka wa gidajen iyayen ƙasa, a wurare da yawa ɗakin takardu suka fara nema, suka fito da kundayen suka cinna musu wuta. 'Yan majalisar da suka zauna a 1790 sun ga wannan da idonsu, ga shi kuma suna ta fitar da sababbin dokoki kan filaye da haraji da kadarorin coci, waɗanda kowa ke son ganin ainihinsu. Jama'ar da dokar ke nufi ke nan, masu ƙara da masu gado da masu sayen fili, tun kafin a zo kan manazarta tarihi.

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Armand-Gaston Camus, lauya kuma ɗan majalisa, wanda aka zaɓa ma'aji tun Agustan 1789. Duk wanda ya taɓa riƙe ofis, in ya duba jadawalin da aka ba shi, zai ga ba da ka aka yi shi ba. Kwana uku sau awa tara, awa 27 ke nan a mako, 12 daga ciki kuma bayan la'asar. Sauran ranakun sun rage wa ma'aikata su yi rajista da jerantawa da kwafi, domin taskar da kullum ke cike da baƙi ba ta samun sararin sanin abin da ke cikinta. Zaman dare shi ne abin lura. Ko me ya sa aka zaɓe shi, sakamakonsa ɗaya ne: akawu da mai shago da mai sana'ar hannu, waɗanda ba su da ikon barin aiki da hantsi, sun sami ƙofa a buɗe bayan sun tashi. Kuma ba a rufe ido ga haɗarin ba. A 1737 gobara ta ci babban kaso na takardun ofishin binciken kuɗin masarauta a tsakiyar Faris, kuma a 1790 akwai dattawan da suka ga hayaƙin. A watan Disamba rana kan faɗi a birnin tun wajen ƙarfe 4 na agogon wancan zamani, wato a lokacin sanyi zaman ƙarfe 5 zuwa 9 gaba ɗayansa cikin duhu yake, ga shi babu haske sai na kyandir da fitilar mai. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce tunda ana tsoron gobara, a rufe da faɗuwar rana, kowa ya huta. Ba su bi ta ba. Raba wurin suka yi gida biyu, ɗakin ajiya ya bi rana, ofishin karɓar mutane ya bi lokacin mutane. A aikace wanda ya zo da dare zai iya shigar da buƙatarsa, ko ya karɓi abin da aka fito masa da shi tun da rana. Dokar ta kuma wajabta wa ma'aji ya zauna a wurin da taskar take, wanda ba don haka ba da zaman daren ya yi wuyar ɗorewa.

Dokar 1794 a wani yanayi dabam ta zo. An riga an sare kan sarki, ƙasa na yaƙi da maƙwabtanta, kisan gillar zamanin Robespierre, jigon gwamnatin juyin, ya kai ƙololuwa, saura wata guda a sare nasa kan. Camus kansa ba ya nan. Tun Afrilun 1793 Janar Dumouriez, da ya ci amanar jamhuriya, ya miƙa shi ga Ostiriya, inda ya zauna a tsare har ƙarshen 1795, lokacin da aka yi musayarsa shi da abokan tsaronsa da 'yar sarkin da aka kashe. Sabuwar dokar ta faɗaɗa abin ƙwarai. Ta mai da taskar Faris cibiyar dukan ma'adanun ƙasa, ta ce kowane ɗan ƙasa na iya neman ganin takardu a kowace ma'adana, kyauta, a nan inda suke, ƙarƙashin sa-idon da ya dace. Da aka zo kan lokaci kuwa, cewa ta yi a ranaku da sa'o'in da za a ƙayyade. Wa zai ƙayyade, yaushe, me zai faru in bai yi ba, sashen bai faɗa ba. Kuɗin kwafi dai an yanke shi da lamba, sous 15 na kuɗin Faransa a kan kowace warƙa. Abin da ɗan ƙasa zai biya ya sami adadi nan take, abin da hukuma za ta ba shi aka bar shi sai gaba. Kada kuma a manta yawancin sassan dokar kan tantancewa suke: takardun da ke tabbatar da mallakar gwamnati a ajiye su, na tarihi da ilimi a kai ɗakunan karatu, na tsohon tsarin galla a hallaka su. Tun 1792 aka ƙone tarin takardun asalin masu sarauta a dandalin Vendôme, an kuma tura fatun rubutu masu ɗimbin yawa ma'aikatun makamai don a naɗe albarushin igwa da su. Dokar da ake yi wa kirari da uwar buɗe taskoki ita ce ta tsara abin da ba wanda zai ƙara gani.

Daga nan taskar ta yi ta bunƙasa ta kowace fuska ban da ta ƙofa. A 1796 aka kafa ma'adana a kowane lardi. Camus ya rasu a 1804, Pierre Daunou ya gaje shi, a 1808 kuma Napoliyon ya ba taskar wani katafaren gidan sarauta a unguwar Marais, Hôtel de Soubise, wanda har yau yake hannunta. Burin Napoliyon ya tara takardun Turai kaf a Faris, kuma ya fara: an yi ta jigilar na fadar Fafaroma daga Roma da na Biyana a Ostiriya da na Simancas a Sifen cikin amalanke, aka mai da yawancinsu bayan faɗuwarsa, wasu sun salwanta a tsakani. Mai neman takarda kuwa, abin da yake yi shi ne ya rubuta buƙatarsa ga shugaban taskar, ma'aikata su duba, a ba shi kwafi ko a ba shi haƙuri. Zauren da jama'a za su zauna su yi karatu sai a 1847 aka buɗe shi, shekaru 53 bayan alkawarin. Wanda ya fi kowa cin moriyar taskar a wannan zamani shi ne masanin tarihi Jules Michelet, kuma ba ta ƙofar jama'a ya shiga ba: tun 1830 shi ne shugaban sashen tarihi na taskar, da makulli a hannunsa ya rubuta manyan littattafansa, har zuwa 1852 da ya rasa muƙamin saboda ya ƙi yin mubaya'a ga Louis-Napoléon, mai mulkin Faransa a lokacin. Tsakanin nan daula ta zo ta wuce, sarauta ta dawo ta sake faɗuwa, jamhuriya ta zo aka kifar da ita, kuma ba gwamnati ɗaya a cikinsu da ta ga buƙatar soke sashen 1794. Ya zauna a littafin doka har 3 ga Janairun 1979, kusan shekaru 185. Ba don ana ganin girmansa ya daɗe haka ba, don ba ya tsare wa kowa komai ne. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Mai ja da wannan magana na da abin faɗa, kuma ba ƙarami ba. Zai ce taskar 1790 'yar ƙaramar ma'ajiya ce ta takardun majalisa kaɗai, amsa buƙatun jama'a kuma ba daidai yake da a zaunar da mutum a ba shi kundi ya yi ta buɗawa ba, saboda haka ana kwatanta teburin akawu da haƙƙin ɗan ƙasa. Zai ƙara da cewa ba rashin rubuta sa'o'i ne ya rufe ƙofa ba, canjin mulki ne, domin Napoliyon da ya rufe jaridu ba zai gaza rufe taska ba ko da an rubuta lokacinta da ruwan zinariya. Duka biyun gaskiya ne, amma ba su rushe hujjar ba. Mai mulkin da ya tarar da doka ta ce ƙarfe 5 zuwa 9, in yana son ya hana, dole ya yi ɗaya cikin biyu: ya soke ta a fili, ko ya bar ƙofa a kulle a lokacin da kowa ya san ya kamata ta kasance a buɗe. Ko wanne ya yi, an gani, akwai ranar da ya faru, akwai wanda za a nuna da yatsa. Wanda ya tarar da doka ta ce lokacin da za a ƙayyade, shiru kawai zai yi. Mutumin da ya tsaya a bakin ƙofa ba shi da abin da zai kai ƙara a kansa, domin ba a hana shi ba, lokacinsa ne bai zo ba. Ƙanƙantar taskar 1790 kuwa ƙarin ƙarfi ce ga hujjar. Sa'ad da abin da ke ciki kaɗan ne an iya faɗin lokaci. Da aka zuba mata takardun sarakuna da na coci da na kotuna, waɗanda mutane ke da dalilin son gani, sai lokacin ya ɓace daga doka.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta masu cewa agogo ƙaramin abu ne in aka gwada shi da shekaru. Abin da ke hana mutane sanin tarihinsu, in ji su, shi ne wa'adin da ake kulle takarda kafin a yarda a gan ta, da rashin jerin da zai nuna akwai ta, da ɓoyewa da gangan. Faransa a dokar 1979 ta sa shekaru 30 ga yawancin takardu, 60 ga na tsaron ƙasa, har 150 ga na asibiti, sai a 2008 ta rage wa'adin ta kuma ce asalin takardar gwamnati a buɗe take sai wadda aka togace. Ingila ta fara da shekaru 50 a dokar 1958, ta sauko 30 a 1967, daga 2013 kuma ta kama hanyar 20. A 2011, bayan tsofaffin 'yan Kenya sun kai ƙarar azabar da aka gana musu a zamanin Mau Mau, ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayiloli da aka kwaso daga ƙasashen da ta mallaka, Nijeriya na ciki, a wani wuri da ake kira Hanslope Park. Waɗannan ko da zauren karatu na buɗe dare da rana ba wanda zai gan su, tunda ba a ma yarda akwai su ba. Duk wannan ban musa ba. Sai dai tambayoyi biyu ne ake haɗawa. Wa'adin shekaru na yanke wace takarda za a gani, jadawalin ƙofa na yanke wane mutum zai gan ta. Faɗan farko ana yin sa a majalisa da kotu da jarida, yana da lauyoyi da furofesoshi a bayansa, domin su ne abin ya shafa. Na biyu ana yanke shi a takardar sanarwa da ake liƙawa a bango, kuma waɗanda ya shafa ba sa wurin da za su yi magana, suna wurin aiki. Taskar da ke buɗe daga safe zuwa la'asar a ranakun aiki kawai, ba ta hana kowa ba a rubuce, amma ta zaɓi masu karatunta: malamin jami'a, ɗan fansho, lauyan da ake biya, da baƙon da ya zo da tallafin bincike daga waje.

Saura maganar kuɗi, wadda shugabannin taskoki ke kawowa, kuma suna da uzuri. Zaman dare na nufin ƙarin albashi da mai gadi da wutar lantarki. Ma'aikaci ma yana da iyali. Doka mai tsauri kuma na iya ɗaure hannun shugaba a shekarar da baitulmali ya yi ƙasa. Amma ƙarancin kuɗi yawan sa'o'i yake yankewa, ba ya faɗin waɗanne za a bari. Misalai biyu na kusa sun nuna haka. A 2006 taskar ƙasa ta Amurka, saboda giɓin kasafi, ta soke yawancin zaman dare da na Asabar a zaurukanta na yankin Washinton, aka yi ta ƙorafi, sai a 2008 majalisa ta ba da kuɗi aka maido su. Taskar Birtaniya da ke Kew, wadda masu binciken tarihin Arewa suka sani sosai, ita ma kuɗi ya matse ta, amma daga 2010 Litinin ta rufe, ta riƙe Asabar, ta riƙe zaman Talata da Alhamis har ƙarfe 7 na yamma. Dukansu ragi suka yi. Ɗaya ta ɗora shi kan mai aikin albashi, ɗaya ta ɗora shi kan wanda ke da sauran kwanaki huɗu da zai zo. Tsarin 1790 ma ai ragi ne, kwana uku kacal cikin bakwai, amma an shimfiɗa su yadda za su kai ga mutum iri biyu. In shugaba ya ce an gwada zaman dare ba mai zuwa, sai a tambaye shi wata nawa aka gwada, kuma wa aka gaya wa. Mutanen da aka saba wa da cewa wurin ba nasu ba ne ba sa cika shi a makon farko, kuma rajistar baƙi ba ta ƙirga wanda ya duba jadawali ya fasa tafiya. Abin mamaki, a Faris ɗin kanta, bayan an gina sabon zaure a 1988 da wani katafaren reshe a Pierrefitte a 2013, da lantarki da na'urorin kashe gobara, zaurukan karatu a 'yan shekarun nan suna buɗe Litinin zuwa Asabar amma suna tashi kafin ƙarfe 5, daidai lokacin da ofishin Camus ke sake buɗe ƙofa da kyandir.

Masu cewa intanet ta kawo ƙarshen wannan muhawara sun yi gaggawa. Gaskiya ne lardunan Faransa sun ɗora tsofaffin rajistun haihuwa da aure da mutuwa a intanet, mai neman kakanninsa na iya dubawa da tsakar dare daga gadonsa, kuma wannan ci gaba ne da ba a raina shi. Amma abin da aka ɗauki hotonsa ɗan kaɗan ne cikin abin da ke kan kanta, kuma ana fara ɗaukar abin da aka fi nema ne, wanda masu zuwa suka fi nema, wato mutanen da jadawalin ya riga ya zaɓa. Fayil ɗin rikicin wata gona ko na korar wani dagaci zai daɗe yana jiran layinsa.

Wannan tarihi bai tsaya a Turai ba, domin taskokinmu daga can aka ɗauko tsarinsu. Faransa ta kafa taskar gwamnatin Afirka ta Yamma a Dakar a 1913, ta bar ta can bayan 'yanci, ta tara na ma'aikatar mulkin mallaka a Aix-en-Provence daga 1966, saboda haka tarihin Damagaram ko Maraɗi na zamanin Nasara a rarrabe yake tsakanin Yamai da Dakar da kudancin Faransa. Da Nijar da Benin suka je Kotun Duniya kan tsibirin Lete, wadda ta yanke hukunci a 2005 ta ba Nijar, da irin waɗannan takardu aka yi shari'ar. Gwamnati in tana buƙatar fayil ba ta rasa lokacin ganinsa. A Nijeriya masanin tarihi Kenneth Dike ne ya zagaya ƙasa a farkon shekarun 1950 yana duba halin da takardun gwamnati ke ciki, aka kafa ofishin adana su a 1954, aka yi masa doka a 1957, da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. A reshen Kaduna fayilolin sakatariyar Jihar Arewa suke, da na larduna irin su Kano da Sakkwato da Zazzau, da rahotannin ƙiyasin haraji da joji-joji suka rubuta gunduma-gunduma, da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Masu buƙatarsu ba ɗalibai kaɗai ba ne. Gidajen da ke takarar sarauta, ƙauyukan da ke jayayyar iyaka, da masu neman asalin wani fili ko burtali, duk a nan hujjarsu take kwance. Dokar 1992 ta ce takardun da suka kai shekaru 25 a buɗe suke ga jama'a, wa'adin da ya fi na Ingila da Faransa na wancan lokaci sassauci. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta san amfanin lamba, tunda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa mai tambaya.

Amma taskar sashe ce ta ma'aikatar gwamnatin tarayya, ranakunta ranakun aikin gwamnati ne, Litinin zuwa Juma'a, Juma'ar kuma kowa ya san rabin yini ce a Arewa. Malamin sakandare a Gusau ko Potiskum da ke karatun digiri na biyu, ko wakilin da ƙauye ya tara wa kuɗin mota, sai ya bar aikinsa, ya kwana a hanya ko a masauki, kafin ya sami 'yan sa'o'in da shi da ma'aikacin taskar duk suke bakin aiki lokaci guda. Wannan ba laifin ma'aikatan ba ne, waɗanda ke riƙe da wurin cikin ƙarancin kuɗi da kayan aiki. Ba su suka tsara ranakun ba, kuma ba wanda zai nemi su yi Asabar kyauta. Gyaran na sama ne, kuma ba ya buƙatar sabon gini. A rufe zauren karatu ran Litinin don aikin cikin gida, a buɗe shi ran Asabar, a ƙara yamma ɗaya a mako, a fito da fayilolin da aka nema tun da rana in ana tsoron ɗaukewar wuta. Gidan Arewa da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, kowanne hukumar da ke sama da shi na iya yin haka da takarda ɗaya. 'Yan majalisarmu kuwa, duk ranar da suka ɗauko dokar 1992 don gyara, su rubuta mafi ƙarancin ranaku da sa'o'i a cikin dokar kanta, da lamba, har da Asabar, su kuma sa kuɗin ma'aikatan wannan rana a kasafi.